Gaisuwa da Gabatar da Kai a Harshen Ayalan: Tambayoyin Masu Fara Koyo

Tun da na shiga ajin yamma na koyon Gaeilge, wato harshen gado na mutanen Ayalan, 'yan uwa da abokai ke jefo mini tambayoyi. Wasu karatu zai kai su Dublin ko Cork, wasu kuma 'ya'yansu ne ke dawowa daga makaranta da aikin gida a harshen da iyayen ba sa jin ko "zo in kashe ka" a cikinsa. Na tattara tambayoyin da suka fi yawan dawowa. Duk inda na rubuta furuci da haruffan Hausa, kwatance ne kawai don a sami abin riƙewa, kunne shi ne alƙali.

Ashe ba Turanci mutanen Ayalan ke yi ba? Wane harshe ne kuma wannan?

Turanci suke yi, kusan kowa da kowa, kuma da shi za ka yi cefane, ka hau mota, ka ga likita. Amma akwai harshen kaka da kakanni, wanda masu shi ke kira Gaeilge, a furta shi kamar "Gelge". Ba karin Turanci ba ne, kamar yadda Fulatanci ba karin Hausa ba ne. Yana cikin dangin harsunan Keltik, kuma 'yan uwansa na kusa su ne Gaelik na Sikotilan da harshen tsibirin Man.

Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1937, a sashe na 8, ya ce shi ne harshen ƙasa kuma harshen hukuma na farko, Turanci na biyu. Ya shiga jerin harsunan Tarayyar Turai a 2007. A ƙidayar 2022 kimanin mutum miliyan 1.87 suka ce suna iya shi, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne. Dogon mulkin Ingila da babbar yunwar da aka fara a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya ta kuma kori wasu zuwa Amurka da sauran wurare, su suka karya masa ƙafa, don yankunan da suka fi jin jiki su ne masu wannan harshe. Wuraren da har yanzu yake harshen gida ana kiran su Gaeltacht, galibinsu a bakin tekun yamma, a Donegal da Mayo da Galway da Kerry, sai wasu ƙanana a Cork da Waterford da Meath.

To me zan fara cewa idan na haɗu da mutum?

Ka ce Dia duit. Ma'anarsa "Allah gare ka", wato Allah ya kasance tare da kai. A arewa, wajen Donegal, za ka ji shi kamar "jiya dic", har Bahaushe ya ɗauka labarin jiya ake yi. A yamma da kudu "diya gwit" ko "diya gwic" ya fi kusa, kuma wannan "g" daga maƙogwaro take fitowa, irin gainun ta Larabci. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an rubuta Dia dhuit.

Idan mutanen sun wuce ɗaya, sai ka ce Dia daoibh, kamar "diya div". Ranar da na fara shiga aji na ce Dia duit ga mutum goma sha, malamar ta waiga hagu da dama ta tambaye ni wanne daga cikinsu na zaɓa na bar sauran. Ban sake mantawa ba.

Abin da na fi so mai koyo ya riƙe shi ne gaisuwar nan tana da amsarta, kuma amsar ta fi ta tsawo. Wanda aka gaisar ba ya mayar da abin da aka ba shi daidai wa daida, ƙari yake yi: Dia is Muire duit, "Allah da Maryamu gare ka", a furta "diya is mwira dit". Idan kuma mai gaisuwar ne ya fara da wannan doguwar, tsofaffi kan ƙara waliyyin ƙasar, Patrick (Pádraig a harshen), a amsa: Dia is Muire duit is Pádraig. Mu da muka tashi muna jin an ce salamu alaikum, a amsa da wa alaikumus salam wa rahmatullah, wannan tsari ba baƙonmu ba ne. Bature mai koyo shi ke mamakin yadda gaisuwa za ta zama addu'a mai amsa ta musamman. Don haka kada ka haddace gaisuwa ita kaɗai, ka haddace ta da abokiyarta.

Ni Musulmi ne. Ya zan yi da amsar da ke ambaton Maryamu da waliyyi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ba abin kunya ba ce. Gaisuwar ta fito ne daga al'ummar da ta daɗe a ɗarikar Katolika. Dia kalma ce ta "Allah" kawai a harshen. Muire kuwa suna ne da aka keɓe wa Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa ita kaɗai, sauran mata masu wannan suna Máire ake ce musu. Yawancin matasan Ayalan na yau suna faɗin jimlar ba tare da sun kawo addini a ransu ba.  Musulmi kuwa, hukunci na malaminsa ne, amma hanyoyin kaucewa suna nan birjik kuma ba wanda zai ga ka yi rashin ladabi.

Kana iya mayar da Dia duit kawai. Kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa tambayar lafiya, wanda dama haka mutanen Donegal suka fi yi, da wuya ka ji Dia duit a bakinsu a hirar yau da kullum. Akwai Bail ó Dhia ort, "albarkar Allah a kanka", ta mutanen Connemara da ke yammacin Galway. Matasa kuma suna da Haigh, wadda aro ce daga Turanci. Da safe akwai Maidin mhaith, "majin wa", ko da yake masu tsananin kishin harshen na cewa ƙirar Turanci ce, asalin ta gida ita ce Dia duit ar maidin.

Ya ake cewa "kana lafiya"? Na ga littattafai sun saɓa wa juna.

Ba saɓani suka yi ba, karin harshe uku ne, kamar dai Kananci da Sakkwatanci da Zazzaganci, sai dai tazarar tasu ta ɗan fi tamu.

A kudu, lardin Munster: Conas atá tú? "konas ata tu". Ita ce yaran makaranta suka fi sani. A can cikin Kerry za ka ji Conas tánn tú ko Conas taoi.

A yamma, lardin Connacht: Cén chaoi a bhfuil tú? A rubuce tana da ban tsoro, a baki kuwa "ke khi wil tu" ce.

A arewa, lardin Ulster: Cad é mar atá tú? "ka je mar ata tu".

Amsa mai sauƙi ita ce Tá mé go maith, "ta me go ma", ina lafiya. Sai ka mayar da tambayar: Agus tú féin? Kai fa? Idan kana son bakinka ya yi kama da na 'yan gida, ka ƙara buíochas le Dia, "bwikhas le diya", godiya ga Allah. A daidai inda muke saka alhamdu lillahi suke saka ta. Haka nan le cúnamh Dé, da taimakon Allah, tana zama a gurbin in sha Allahu.

Mutanen nan ba sa son cika baki a kan lafiyarsu. Na Connacht zai ce Níl caill orm, ba laifi. Na Ulster ya ce go measartha, da dama-dama. Na Munster yana da wata mai daɗi, cuibheasach gan a bheith maíteach, wato da sauƙi dai, ba tare da alfahari ba. Tsakanin abokai kuma za ka ji Aon scéal? "en shkel", akwai labari? Ina labari ke nan. Mu mukan ce sai alheri, su kuma Scéal ar bith, ba wani labari, daga nan sai a zauna a kwashe awa guda ana labarin.

Na taɓa shiga wani kanti a An Spidéal, yamma da Galway, na gyara murya na ce Dia duit. Dattijuwar da ke bayan teburi ta haɗa amsa da tambaya a numfashi ɗaya, ta yi mini "ke khi wil tu". Ni kuwa Conas atá tú kaɗai na haddace. Na yi tsuru-tsuru da burodi a hannu har ta tausaya ta koma Turanci. Ka iya faɗin ɗaya, amma ka saba wa kunnenka da duka ukun.

Wane kari zan zaɓa?

Na malaminka, ko na yankin da za ka zauna. Akwai daidaitaccen rubutu, An Caighdeán Oifigiúil, da aka fitar a 1958, amma na rubutu ne, bai ɗora wa kowa furuci ɗaya ba. Kada dai ka yi gaisuwar Donegal da amsar Kerry a jimla guda, ba haramun ba ne, sai dai yana yi wa kunne kamar mutum ya fara da Sakkwatanci ya ƙare da Gudduranci.

Rubutun ne ya hana ni sakat. Me ya sa abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban?

Don kana karanta shi da idon Turanci ko na Hausa. Yana da ƙa'idarsa, kuma ya fi rubutun Turanci bin doka nesa ba kusa ba. Haruffan gargajiya 18 ne kacal, sai aka riƙa haɗa su don samar da sautukan da suka fi haruffan yawa.

Fara da wanda ya fi kayar da Bahaushe: c a nan "k" ce, ba c ta "ciki" ba. Conas "konas" ne, cad "kad" ne.

Na biyu, ɗan layin da ke kan wasali, á é í ó ú, sunansa fada, ma'anarsa "dogo". Yana ja wasalin. Mu ma muna da dogon wasali da gajere, illa dai ba ma rubutawa, su kuwa suna rubutawa. Seán sunan mutum ne, "Shon", sean kuwa tsoho ne, "shan".

Na uku shi ne inda muka yi sa'a. Kowane baƙi yana da fuska biyu, "mai faɗi" idan yana maƙwabtaka da a, o, u, da "siriri" idan yana kusa da e ko i. Siririyar s "sh" ce, siririyar t tana karkata zuwa "c" ɗinmu, siririyar d zuwa "j", musamman a arewa. Duba Hausarka: ƙasa ta zama ƙasashe, mota ta zama motoci, gida ya zama gidaje. Abin da malaman Hausa ke kira ganɗantawa ke nan, kuma bakinka ya riga ya saba da shi. Haka ky da gy da kw da gw ɗinmu suna taimakawa. Yawancin wasulan da kake gani sun yi cunkoso a kalma ba furta su ake yi ba, alama ce ta wace fuska baƙin ya juyo.

Na huɗu, h bayan baƙi tana tausasa shi. Bh da mh su zama "w" ko "v", th da sh su zama "h", fh ta yi shiru gaba ɗaya, ph ta zama "f". Ch kusa da a, o, u ita ce kha'un ta Larabci, dh da gh kuma gainun. Wanda ya yi makarantar allo ya wuce wannan wurin da gudu, alhali Turawan ajinmu na ta kakarin maƙogwaro. Wahalarmu ɗaya ita ce "v", wadda ba mu da ita, sai an yi ta maimaici.

Da wannan za ka iya karanta sunayen da ke ba baƙi kunya: Aoife "Ifa", Oisín "Oshin", Siobhán "Shivon", Tadhg "Taig", Saoirse "Sirsha".

Ya zan faɗi sunana, in kuma tambayi na wani?

Hanya mafi sauƙi: Is mise Amina, "is mishe Amina", ni ce Amina. Ko ka sa sunan a gaba: Musa is ainm dom, "Musa is anim dom", Musa ne suna gare ni. Lura da ainm, a rubuce gaɓa ɗaya, a baki biyu, kamar yadda mu ma ba ma son baƙaƙe su cunkushe sai mun saka wasali a tsakani.

Tambayar kuma ta bi lardi. Cad is ainm duit? a kudu da makarantu. Cén t-ainm atá ort? a yamma, "ken tanim ata ort". C'ainm atá ort? a arewa. Na biyun da na ukun ma'anarsu "wane suna ne a kanka", don haka amsarsu Musa atá orm, Musa ne a kaina.

Bayan an faɗi suna sai ka ce Tá áthas orm bualadh leat, na ji daɗin haɗuwa da kai. Idan wani kake gabatarwa: Seo é Musa ga namiji, Seo í Amina ga mace.

A ƙauyukan Gaeltacht dattijo na iya wuce sunanka ya tambayi asalinka: Cé leis thú? Wato kai ɗan gidan wa ne? A can sukan kira mutum da sunansa, da na ubansa, da na kakansa a jere, kamar dai yadda muke yi. Ko a sunayen dangi abin na nan. Mac "ɗa" ne, Ó "jika" ko zuriya, mace kuma ta ɗauki Nic ko Ní a maimakonsu. Wanda ya san ɗan Fodiyo da 'yar Shehu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na ji ana kiran Seán da "a Hyoin". Sunansa ya canza ne?

Siffar kira ce. Idan da mutum kake magana kai tsaye, sai ka sa a a gaban sunan, baƙin farko ya tausasa, sunayen maza da yawa kuma ƙarshensu ya sirance. Seán ya zama a Sheáin, Séamas ya zama a Shéamais, Máire ta zama a Mháire, Pádraig ya zama a Phádraig. Wannan "a" aikin "ya" take yi a "ya ku jama'a". Sunayen da ba na harshen ba galibi ana barin su yadda suke, saboda haka ba wanda zai lanƙwasa maka Bashir ko Maryam dole.

Biyu da za su yi maka amfani kullum: a chara, "a khara", ya aboki, da a chairde, ya abokai. Da A chara ake buɗe wasiƙa, har ta ofishin gwamnati da aka rubuta sauranta da Turanci, a rufe da Is mise le meas, ni ne cikin girmamawa. Lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarci Dublin a watan Mayun 2011, da "A Uachtaráin agus a chairde" ta buɗe jawabinta, ya shugaba da abokai. Kalmomi biyar ne, amma daga bakin mai sarautar ƙasar da ta daɗe tana danne harshen, sun yi nauyi.

Idan an tambaye ni daga ina nake fa?

Tambayar: Cad as duit? a kudu, Cé as thú? a yamma, Cá as tú? a arewa. Amsa: Is as Kano mé, ko Zinder, ko Kumasi, duk inda ka fito.

A sunan ƙasa akwai tarko. Najeriya an Nigéir ce, Nijar kuma an Nígir. Bambancin yana wurin da fada ta zauna, a ta farko gaɓar ƙarshe ake ja, a ta biyu gaɓar farko. Is as an Nigéir mé, daga Najeriya nake. Is as an Nígir mé, daga Nijar nake. Gana Gána ce, Kamaru Camarún, Cadi Sead, Sudan kuma an tSúdáin.

Wurin zama: Tá mé i mo chónaí i mBaile Átha Cliath, ina zaune a Dublin. Sunan birnin ke nan a harshen, kuma 'yan gida sukan taƙaita shi ya koma kamar "Bla Kliya". Ƙaramin harafin da ya maƙale a gaba shi ake furtawa, babban ya yi shiru: i mBaile "i malya", i gCorcaigh a Cork, sai dai a i nGaillimh, a Galway, su biyun ke haɗuwa su ba da sautin "ng". Kada ka tsaya neman dalili yanzu, ka haddace sunan garinka da "i" ɗinsa a haɗe.

Kada ka yi mamaki idan dattijo ya ji Najeriya ya washe baki. Limaman mishan 'yan Ayalan sun daɗe suna aiki a can, har da Filato da Kaduna, iyalai da yawa suna da kawu ko gwaggo da ta koyar a wata makaranta a ƙasar, kuma Waliyyi Patrick da suke bikinsa ranar 17 ga Maris shi ne majiɓincin Katolikan Najeriya.

Ya ake girmama babba? Zan ce masa "ku" kamar a gida?

A'a. Tú na mutum ɗaya ne, yaro ko shugaban ƙasa. Sibh na jam'i ne kawai. Idan ka ce wa dattijo shi kaɗai Dia daoibh, zai duba bayansa ya ga su wa suka biyo shi. Da farko abin ya yi mini nauyi a baki, in ce wa sa'ar mahaifiyata "ke", amma girmamawarsu tana cikin sassauta murya da yawan godiya. Sauƙin da aka samu shi ne babu rabuwar kai da ke, ko ka da ki. Tú ta ɗauke duka. Jinsi sai a mutum na uku, sé da sí, da kuma sunayen abubuwa: maidin da oíche mata ne, shi ya sa ake cewa mhaith a bayansu, tráthnóna namiji ne sai a ce maith. Farar mota, farin gida.

Na ce "Tá mé múinteoir" aka gyara mini. Me na ɓata?

Ka yi kuskuren da kowane mai jin Turanci ke yi, alhali Hausarka ta isa ta tsare ka. Ba ka cewa "ina malami", cewa kake "ni malami ne". Amma kana cewa "ina lafiya", "ina gida". Su ma haka. Tá ta hali ce da wuri, is kuma aikin dirka take yi, wato ne da ce. Don haka Is múinteoir mé, ni malami ne. Is mac léinn mé, ni ɗalibi ne. Is dochtúir mé, Is altra mé ga ma'aikacin jinya. Idan ka yi tunani da Hausa kafin ka buɗe baki, da wuya ka faɗa ramin.

Harshe kuma "gare ka" yake zama: Tá Béarla agus Araibis agam, ina da Turanci da Larabci. Yunwa da farin ciki da baƙin ciki "a kanka" suke: Tá ocras orm, yunwa na kaina.

Mene ne "e" da "a'a"?

Babu su. Aikatau ɗin da aka yi tambaya da shi ake maimaitawa. An bhfuil tú go maith? Amsa Tá ko Níl. An dtuigeann tú, ka gane? Tuigim, na gane, ko Ní thuigim, ban gane ba. An múinteoir thú? Is ea ko Ní hea. Masu koyo kan manne wa "sea", wato Is ea a taƙaice, su amsa komai da ita, ana ganewa, amma alamar baƙo ce.

Godiya, roƙo da neman afuwa?

Go raibh maith agat, a baki "gora ma agat". Ita ma addu'a ce, alheri ya kasance gare ka. Ga jama'a, agaibh. Idan abin ya kai, ka sa míle, dubu: go raibh míle maith agat. Amsa Tá fáilte romhat, ko Ná habair é, kada ma ka faɗa. Don Allah: le do thoil, "le do hol". Gafara dai: gabh mo leithscéal, "go mo leshkel". Yi haƙuri, ban kyauta ba: tá brón orm. Barka da zuwa: fáilte, wadda za ka gani tun daga filin jirgi, wani lokaci har céad míle fáilte, maraba dubu ɗari.

Idan na yi gaisuwa mutum ya ɗauka na iya, ya sako mini zance kamar ruwan sama?

Ka tanadi garkuwa uku. Tá mé ag foghlaim Gaeilge, koyo nake yi. Níl agam ach cúpla focal, 'yan kalmomi kaɗan gare ni. Níos moille, le do thoil, a hankali don Allah. Idan ka rasa kalma: Abair arís é, sake faɗa. Ka faɗe su da wuri, don mai harshen yana ganin ka rikice zai koma Turanci saboda kara, kuma da ya koma da wuya ya dawo.

Suna da irin su "sannu da aiki" da gaisuwar ta'aziyya?

Suna da su, ko da yake a bakin tsofaffin karkara suka fi rai. Ka tarar da mutum yana aiki: Bail ó Dhia ar an obair, albarkar Allah a kan aikin, ya amsa An bhail chéanna ort, kai ma haka. Shiga gida da sallama: Dia anseo isteach. Atishawa: Dia leat. Barka da arziki: comhghairdeas, "kohorjas". A gidan rasuwa ana kama hannun mai makoki a ce Ní maith liom do thrioblóid, ban ji daɗin damuwarka ba.

Sai zancen sama. Yadda muke "ya sanyi", "ya ruwa", haka suke, har sun fi mu, don yanayinsu na iya juyawa sau huɗu kafin azahar. Tá sé fuar, ana sanyi. Tá sé fliuch, a jiƙe ake. Lá breá, rana mai kyau. Yayyafin nan mai laushi da ba ya ɗaukewa suna ce masa lá bog, rana mai taushi. Wanda ya iya waɗannan huɗun ba zai rasa abin cewa a tashar mota ba.

Sláinte da kake ji idan an ɗaga kofi "lafiya" kawai take nufi, ko shayi ne a hannunka ta zauna.

Ban kwana fa?

Slán, da jan wasali. Asalin ma'anarta lafiya da tsira, ita ce "lafiya" ta cikin "sauka lafiya". Ita kaɗai ta isa a ko'ina. Idan kana son cikakkiya, mai zama yana ce wa mai tafiya slán leat, lafiya ta tafi tare da kai, mai tafiya kuma ya ce wa mai zama slán agat, lafiya ta zauna wurinka. Ga jama'a, slán libh da slán agaibh. Slán abhaile, a isa gida lafiya. Slán go fóill, sai an jima. Da dare oíche mhaith, "iha wa", da codladh sámh, barci mai daɗi.

Idan na gaida mutum da harshen a tsakiyar Dublin, ba zai yi mini dariya ba?

Dariyar raini da wuya. Abin da ya fi faruwa shi ne ya ɗan ji kunya, don ya yi shekara goma sha yana karanta harshen a makaranta ya manta rabinsa, sai ga baƙo ya zo yana tuna masa. Saboda haka ka zaɓi wuri. Akwai masu saka ɗan zobe a ƙirjin riga, fáinne, alamar a yi musu magana da harshen. Ɗakunan karatu da yawa suna da ciorcal comhrá, da'irar hira, inda ake zama da shayi kowa ya yi iya yinsa. Ƙungiyar Conradh na Gaeilge, wadda aka kafa a 1893 da Douglas Hyde a matsayin shugabanta na farko, mutumin da ya zama shugaban ƙasa a 1938, tana da azuzuwa har yau. Daga 1 zuwa 17 ga Maris ana Seachtain na Gaeilge, bikin raya harshen, lokacin da ko mai kanti zai yi ƙoƙarin amsa maka. Ba kai ne baƙar fata na farko ba kuma: Ola Majekodunmi, wadda aka haifa a Legas ta tashi a Dublin, sananniya ce a shirye-shiryen rediyo na harshen.

Wanda yake nesa, ya kunna gidan rediyon Raidió na Gaeltachta, da ke aiki tun 1972, ya saurari yadda masu gabatarwa ke gaisawa da baƙinsu a farkon kowace hira, ko ya kalli tashar TG4 da ta fara a 1996. Ƙamus ɗin teanglann.ie yana da muryoyin larduna uku ga kalma ɗaya, ka danna ka ji ka maimaita. Manhajar Duolingo na taimaka wa haddar kalmomi, amma ba zai amsa maka sallama ba.

Wani abu da ba gaisuwa ba amma zai cece ka daga kunya: a ƙofar bayi, Fir maza ne, Mná mata. Mai bin harafin Turanci sai ya shiga inda bai kamata ba.

Ya zan sa fada idan ina rubutu a waya? Dole ne?

Ka danne wasalin ka riƙe, zaɓi zai fito, ka ɗauki mai layin da ya karkata dama. A kwamfuta mai allon rubutun Ayalan, ka haɗa AltGr da wasalin. Dole ne kuwa, kamar yadda lanƙwasar ɗ da ƙ take dole a wurinmu, wadda ta raba ƙafa da kafa. Éire da fada sunan ƙasar ne. Eire babu fada kaya ne mai nauyi.